Sinadaran Abinci da ke Cikin Fizar Kwali Mai Gaurayen Kayan Haɗi

Gabatarwa

Fiza wani irin abinci ne da ake yi da kwaɓaɓɓiyar fulawar alkama. Akan murza kwaɓin a baje shi ya yi faɗi kamar faifai, a shafa masa markaɗaɗɗen tumatir, a barbaɗa cuku a kai, sannan a gasa cikin tanderu mai tsananin zafi. Italiyawa, waɗanda su ne suka ƙage ta, suna rubuta sunanta pizza. Da yake Hausa ba ta da baƙin p a matsayin ƙwayar sauti mai cin gashin kanta, sai kalmar ta bi hanyar da fensir da famfo da fasinja suka bi, ta zama fiza a bakin mutane.

Wadda za a yi bayani a kanta a nan ita ce fizar da ake saye a shago, a sa ta cikin kwali, mai saye ya tafi da ita gida ko ɗan aike ya kai masa a kan babur. Don sauƙin magana, an kira ta fizar kwali. A cikin fizar kwalin ma an fi mayar da hankali ga wadda aka jera wa kayan haɗi iri-iri a sama, wato nama kala biyu ko uku da albasa da tattasai da zaitun da makamantansu. Dalilin zaɓen ta shi ne ita ce ta fi yaudarar ido. Wanda ya buɗe kwalin ya ga ja da kore da fari da baƙi, ga nama ga kayan lambu, sai ya ɗauka ya sami cikakken abinci wanda ya tara duk abin da jiki ke buƙata daidai wa daida. Awon masana abinci bai goyi bayan wannan zato ba sai a wani ɓangare. Lalle fiza tana ɗauke da sinadarai masu amfani, wasu ma da yawa, amma abin da ya rinjaya a cikinta ba shi ne abin da ido ke fara gani ba.

Daga Titunan Nafoli Zuwa Cikin Kwali

Kalmar ta fara bayyana a rubuce ne cikin wata takardar Latin ta garin Gaeta da ke kudancin Italiya a shekarar 997, amma fiza irin wadda aka sani a yau a birnin Nafoli ta tashi, tsakanin ƙarni na 18 da na 19. Tumatir, wanda shi ne ginshiƙinta, ba ɗan Turai ba ne. Daga nahiyar Amurka aka kawo shi a ƙarni na 16, kuma an daɗe ana ƙyamar cin sa don zaton yana da guba. A Nafoli fiza abincin talakawa ce, 'yan dako da masunta da leburori, ana sayar da ita a bakin titi a ci a tsaye. Marubucin nan na Faransa, Alexandre Dumas, wanda ya ziyarci birnin a 1835, ya bayyana cewa abin da ake ɗora mata bai wuce mai ko kitse ko cuku ko tumatir ko ƙananan kifaye ba. Akwai kuma sanannen labarin da ke cewa a 1889 wani mai gashi, Raffaele Esposito, ya yi wa Sarauniya Margherita fiza da jan tumatir da farin cuku da koren ganyen ɗoɗɗoya, wato launukan tutar Italiya, ko da yake wasu masana tarihi suna shakkar ingancin labarin. Ƙungiyar da aka kafa a 1984 don kare fizar Nafoli ta asali ta ɗauki iri biyu ne a matsayin na gargajiya: margherita, da kuma marinara, wadda ko cuku babu a kanta, sai tumatir da tafarnuwa da ganyen ƙamshi da man zaitun. Siririya ce, kuma gashinta ba ya wuce daƙiƙa 60 zuwa 90. A 2017 hukumar UNESCO ta sanya sana'ar masu yin ta cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Italiyawa 'yan ci-rani ne suka kai ta Amurka. Shagon Lombardi's na birnin New York, wanda ake dangantawa da shekarar 1905, shi ake ƙirgawa a matsayin na farko. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai ta bazu, aka kafa Pizza Hut a jihar Kansas a 1958, Domino's kuma ya samo tushe a jihar Michigan a 1960. A hannun irin waɗannan kamfanoni ne fiza ta sauya kama: faifan ya ƙara girma, gurasar ta ƙara kauri, cuku ya ninka, aka shigo da nama mai gishiri iri-iri. A 1962 wani mai shago a Kanada ya fara ɗora mata abarba, a 1995 kuma aka yayata wadda ake cusa wa cuku har cikin bakin gurasar. Saboda haka fizar kwali ta fi zama 'yar Amurka a kan 'yar Italiya, kuma a wannan siffa ce ta iso manyan biranen Afirka. Domino's, alal misali, ya buɗe shagonsa na farko a Legas a 2012. Wani rahoto da Ma'aikatar Gona ta Amurka ta fitar a 2014 ya nuna cewa a kowace rana kimanin mutum ɗaya cikin takwas a ƙasar yana cin fiza. Wannan ne ya sa aka auna ta fiye da yawancin abinci, aka kuma san abin da ta ƙunsa dalla-dalla.

Ma'aunin da Ake Amfani da Shi

Kafin a shiga cikin kwalin, ya kamata ɗalibi ya riƙe wasu ƙa'idoji kaɗan. Abubuwa uku ne a cikin abinci ke ba jiki ƙarfi: sitaci da dangoginsa irin su sukari, sai furotin mai gina jiki, sai maiƙo, wanda ya haɗa da mai da kitse. Ma'aunin wannan ƙarfi shi ake kira kalori. Giram ɗaya na sitaci yana ba da kalori 4, na furotin ma 4, amma giram ɗaya na maiƙo yana ba da kalori 9, wato fiye da ninki biyu. Baligi mai matsakaicin aiki yana buƙatar kalori 2,000 zuwa 2,500 a yini, mata sun fi kusa da adadin farko, maza kuma na biyu. Bayan waɗannan uku akwai bitamin da ma'adinai, waɗanda ake buƙata kaɗan-kaɗan, da kuma harza, wato ɓangaren tsiro da ciki ba ya narkarwa amma yake taimaka wa hanji aiki.

Hawa Huɗu na Fiza

Hawa na farko shi ne gurasar da ke ƙasa, kuma ita ce ta fi kowane ɓangare nauyi. Da farar fulawa ake yin ta, da ruwa da yis da gishiri, a fizar kwali kuma akan ƙara mai da ɗan sukari don ta yi laushi ta yi ja. Kusan duk sitacin da ke cikin fiza daga nan yake fitowa. Farar fulawa ita ce abin da ya rage bayan an cire dusa da ƙwayar tsiron alkama, kimanin kashi 70 zuwa 75 cikin ɗari na tsabar. Abin takaici shi ne mafi yawan harza da bitamin B da sinadarin ƙarfe suna cikin ɓangaren da aka cire ɗin. Don haka ne ƙasashe da dama suka wajabta mayar da wasu sinadarai cikin fulawa. Amurka ta wajabta ƙara folik asid daga 1998, Nijeriya kuma ta fara tilasta ƙara bitamin A cikin fulawa da sukari da man girki a 2002. Harza dai ba a mayar da ita. Giram 100 na fiza ba ya ba da fiye da giram 2 zuwa 3 na harza, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar baligi ya sami aƙalla giram 25 a yini.

Hawa na biyu shi ne markaɗen tumatir, wanda shi ne mafi ƙarancin kalori. Yana ɗauke da fotashiyam da wani jan sinadari da ake kira laikofin. Abin lura a nan shi ne jiki ya fi iya tsotsar laikofin daga tumatirin da aka dafa da mai a kan ɗanye, don haka gashi bai rage shi da komai ba. Sai dai shafe ne kawai ake yi, 'yan cokula kaɗan ga faifai guda, kuma akan sa masa gishiri da sukari.

Hawa na uku shi ne cuku, kuma a nan ne alheri da matsalar fiza suka haɗu. Cukun da ake amfani da shi ana kiran sa mozarela. A Italiya da madarar baunar ruwa ko ta saniya ake yin sa, a ci shi ɗanye shar. Na fizar kwali kuwa na madarar saniya ne da aka rage wa ruwa don ya narke ya yi yauƙi ba tare da ya jiƙa gurasar ba. Ya bambanta da busasshen cukun da Buzaye ke yi, wanda Hausawa suka fi sani da wannan suna, amma asalinsu ɗaya: madara ce da aka daskarar aka tace ruwanta. Giram 100 na mozarela yana ƙunshe da kimanin giram 22 na furotin da giram 22 na maiƙo da miligiram 500 na kalsiyam, kalorinsa kuma ya kai 300. Furotin ɗin madara cikakke ne. Na alkama kuwa yana da ƙarancin wani tubali da ake kira laisin, wanda cuku ke da shi a yalwace, saboda haka haɗuwar su biyu ta fi kowannensu shi kaɗai amfani, kamar yadda wake ke cike giɓin shinkafa. Kalsiyam kuma shi ke gina ƙashi da haƙori. Yanki ɗaya na fiza yana iya ba da kimanin kashi ɗaya bisa biyar na abin da baligi ke buƙata a yini, ban da bitamin A da B12. Matsalar ita ce fiye da rabin maiƙon cuku daskararre ne, irin wanda ke sandarewa in ya huce, kamar kitsen miya da ta kwana. Yawan cin irin wannan maiƙo yana ɗaga kolestarol a jini, shi kuma yana taruwa a bangon jijiyoyi har ya kai ga ciwon zuciya.

Hawa na huɗu shi ne kayan haɗin da aka jera a sama, waɗanda su ke ba fiza suna da farashi. Sun kasu gida biyu masu nisan tazara. Gida na farko kayan lambu ne: albasa da tattasai da masara da abarba da naman kaza. Ya kamata a yi hattara da wannan suna na ƙarshe, domin a Hausa naman kaza yana nufin tsokar kazar da aka yanka, yana kuma nufin farin tsiron nan mai kama da lema da ke fitowa da damina, kuma dukkansu biyu ana ɗora su a kan fiza. Tsiron ake nufi a nan. Kayan lambu mafi yawansu ruwa ne, ba sa ƙara kalori sai kaɗan, suna kuma kawo ɗan bitamin da harza. Amma in aka tsince su daga kan yanki ɗaya aka tara, da kyar su cika cokali biyu ko uku, ga shi kuma zafin tanderu ya riga ya lalata wani ɓangare na bitamin C da ke cikin tattasai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a yini. Abin da ke kan fiza ado ne in an kwatanta shi da wannan adadi. Zaitun kuwa, duk da cewa maiƙonsa mai kyau ne, cikin ruwan gishiri ake adana shi.

Gida na biyu shi ne nama. In tsokar kaza ce ko niƙaƙƙen naman sa, to ƙarin furotin ne da sinadarin ƙarfe, ba wani abin damuwa sosai. Amma naman da aka fi ɗorawa sarrafaffe ne, wato wanda aka cuɗa da gishiri da sinadarin naitirait, aka busar ko aka banɗare shi don kada ya lalace. Mafi shahara a cikinsu shi ne fefaroni, jan tsiran nan da ake yankawa sala-sala kamar kwabo. Italiyawan Amurka ne suka ƙirƙire shi. A Italiya in mutum ya nemi abu mai irin wannan suna, tattasai za a kawo masa, domin ma'anar kalmar ke nan a harshensu. Giram 100 na fefaroni yana da kalori kusan 500, fiye da giram 40 a ciki maiƙo ne, gishirinsa kuma ya kai giram 4. Jan man da ake gani ya kwanta a kan cuku ko ya huda kwali, yawancinsa daga nan yake. A 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sarrafaffen nama cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, ta kuma ƙiyasta cewa cin giram 50 kullum yana ƙara haɗarin kamuwa da sankarar hanji da kimanin kashi 18 cikin ɗari. Maganar a kan mai ci kullum take, ba wanda ya ɗanɗana sau ɗaya a wata ba. Akwai kuma abin da ya shafi Musulmi kai tsaye: a Amurka da Turai fefaroni haɗin naman alade da na sa ne, wasu irin naman ma alade ne zalla. A shagunan da ke sayar wa Musulmi akan yi su da naman sa ko na kaza, amma sauya dabba bai rage gishirin ba.

Lissafin Yanki

Idan aka haɗa hawa huɗun aka auna, alƙaluman da ke cikin jadawalin abinci na Ma'aikatar Gona ta Amurka suna nuna cewa giram 100 na fizar kwali mai nama da kayan lambu, mai matsakaicin kauri, yana ƙunshe da kimanin giram 25 na sitaci da giram 11 na furotin da giram 11 na maiƙo. Ɗalibi yana iya fitar da kalorin da kansa: 25 sau 4 ya ba da 100, 11 sau 4 ya ba da 44, 11 sau 9 ya ba da 99. Jimla 243. Daga wannan lissafi za a ga cewa maiƙo shi kaɗai ya ɗauki kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙarfin, alhali shawarar masana ita ce kada ya wuce kashi 30.

A nan akwai wani abu da yakan rikita mutane. Fiza mai cuku zalla tana da kimanin kalori 266 a giram 100, wato ta fi mai gaurayen kaya. Mai gaggawar yanke hukunci sai ya ce ashe mai gaurayen ta fi sauƙi. Ba haka ba ne. Abin da ya faru shi ne ruwan da ke cikin kayan lambu ya ƙara mata nauyi, sai adadin kowane giram 100 ya sauka. Amma ba wanda ke cin fiza da sikeli. Da yanki ake ci. Babban faifai mai faɗin inci 14, wato kimanin santimita 35, akan yanka shi gida takwas. Yankin mai cuku zalla nauyinsa kusan giram 107 ne, kalorinsa 285. Yankin mai gaurayen kaya kuwa ya kai giram 135, kalorinsa kusan 330, domin gurasa da cukun suna nan yadda suke, an ɗora musu nama a kai ne kawai. Kayan haɗi ƙari ne, ba musanya ba ne.

Matashi mai jin yunwa ba ya tsayawa a yanki ɗaya. A ce ya ci uku. Ya sami furotin kimanin giram 45, wanda ya kusa cika buƙatar mutum mai nauyin kilo 60 ta yini guda, ya kuma sami fiye da rabin kalsiyam ɗinsa. Wannan riba ce ta gaske da bai kamata a ɓoye ba. To amma a zama ɗayan nan ya ci kalori kusan 1,000, wato rabin abin da mace baliga ke buƙata daga safe zuwa dare, da daskararren maiƙo kimanin giram 18, alhali iyakar mai cin kalori 2,000 ita ce giram 22. Wanda ya cinye faifan duka kuwa ya haura kalori 2,600.

Girman faifai ma yana da tasa yaudarar. Da inci ake sayar da fiza, kuma inci faɗin faifan kawai yake aunawa daga baki zuwa baki. Amma abin da ake ci shi ne shimfiɗar, ita kuma shimfiɗar da'ira tana ƙaruwa ne gwargwadon faɗin da aka ninka da kansa. Inci 10 sau 10 ya ba da 100, inci 14 sau 14 ya ba da 196. Ke nan wanda ya bar ƙaramin faifai mai inci 10 ya ɗauki mai inci 14 yana ganin inci huɗu kacal ya ƙara, alhali kuwa abincin ya kusa ninkawa. Haka nan kauri: gurasa mai kauri da ake gasawa cikin kasko mai mai, ko wadda aka cusa wa cuku a baki, ta fi siririya kalori nesa ba kusa ba, ko da kayan samansu iri ɗaya ne.

Gishiri

Daga cikin duk abin da fiza ta ƙunsa, gishiri ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin shi ne harshe ba ya iya aunawa. Mai cin miya yakan gane in an zarce gishiri, har ya yi ƙorafi. Mai cin fiza ba ya ganewa, saboda gishirin ba a sama yake ba, ya narke cikin kowane hawa, maiƙo da sukari kuma suna danne ɗanɗanonsa. Mai kwaɓi yana sa gishiri kimanin kashi 2 cikin ɗari na nauyin fulawa, ba don ɗanɗano kawai ba, har don ya rage wa yis sauri ya kuma ƙara wa kwaɓin danƙo. Mai yin cuku yana tsoma shi cikin ruwan gishiri. Mai sarrafa nama da gishiri yake kare shi daga ruɓa. Markaɗen tumatir da zaitun su ma kowa da nasa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan masu sana'a da ya yi ganganci, amma a kan faifai ɗaya gishirinsu ke haɗuwa. Don haka ne mai gaurayen kaya ta fi sauran tara shi.

A jikin kwalaye da jadawalai ba kullum ake rubuta gishiri da sunansa ba, sau da yawa sodiyam ake rubutawa, wanda shi ne ɓangaren gishirin da ke ɗaga jini. Don mayar da sodiyam gishiri, sai a ninka shi sau biyu da rabi. Giram 100 na fiza mai gaurayen kaya yana da sodiyam kusan miligiram 600, wato gishiri giram ɗaya da rabi. Yanki ɗaya ke nan yana da giram 2, yanki uku kuma giram 6. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa baligi ita ce ƙasa da giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, ta yara kuma ba ta kai haka ba. Matashin nan na ɗazu ya wuce iyakar yini guda kafin a ƙirga karin kumallonsa da abincin rana. Ƙishirwar da ke tayar da mutum cikin dare bayan cin fiza alamar hakan ce: sodiyam ya yi yawa a jini, jiki yana neman ruwan da zai surka shi. Ruwan da aka riƙe yana ƙara yawan jinin da ke bin jijiyoyi, matsi ya ƙaru. Ga mai lafiya ƙoda takan fitar da rarar cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma in abin ya zama al'ada shekara da shekaru, sai ya taimaka wajen kafuwar hawan jini, wanda shi ne babban musabbabin shanyewar ɓarin jiki, yana kuma lalata zuciya da ƙoda ba tare da mutum ya ji ciwo ba.

Abin da ke Rakiyar Kwali

Da wuya fiza ta zo ita kaɗai. Shaguna sukan haɗa ta da lemon kwalba a farashi ɗaya, kuma gishirin da ke cikinta yana sa a sha. Robar lemo mai rabin lita tana ɗauke da sukari kimanin giram 50 da kalori 200, wanda shi kaɗai ya cinye iyakar sukarin da aka yarje wa mai cin kalori 2,000 a yini. Masu ciwon sukari suna da wata damuwa ta daban. Maiƙon da ke cikin fiza yana jinkirta fitar abinci daga tumbi, don haka sitacinta ba ya shiga jini gaba ɗaya. Sukarin jini yakan tashi a makare, ya kuma daɗe a sama awanni da dama bayan an gama ci, abin da kan rikita lissafin mai amfani da allurar insulin.

Daga bayanan da suka gabata ana iya gane inda gyara yake. Siririyar gurasa tana rage sitaci da mai. Rage cuku da rabi yana rage daskararren maiƙo da gishiri lokaci guda. Tsokar kaza a madadin fefaroni tana barin furotin ta kawar da mafi yawan kitsen. Yanki biyu da kwanon ganye ko kwaɗon zogale a gefe, da ruwa maimakon lemo, abinci ne da ba a ce masa komai ba. Goge man da ya kwanta a sama da takarda kuwa, kamar yadda wasu ke yi, ba ya taɓa gishirin ko kaɗan.

Wasu ƙasashe sun wajabta wa manyan shaguna su rubuta kalori a gefen farashi. Amurka ta fara aiki da wannan doka a watan Mayu na 2018 ga kamfanonin da ke da rassa 20 ko fiye, Ingila kuma a watan Afrilu na 2022 ga waɗanda ke da ma'aikata 250 ko fiye. Mai karanta irin wannan rubutu yana buƙatar ya duba ko adadin na yanki ɗaya ne ko na faifai duka, kuma yankin na wane girman faifai ne, domin sau da yawa na yanki ake rubutawa. Malamin da zai koyar da ma'aunai da sunayen sinadarai cikin Hausa yana iya kawo irin wannan takarda aji, ya sa ɗalibai su mayar da sodiyam gishiri, su ninka yanki zuwa faifai. Ƙananan shaguna kuwa dokar ba ta shafe su ba ko a can, kuma ba su da tsayayyen awo. Mai gashi da hannu yake ɗibar cuku da nama, saboda haka faifai biyu masu suna ɗaya da suka fito daga tanderu ɗaya suna iya bambanta da juna, alƙaluman jadawali kuma matsakaicin awo ne kawai na fizar manyan kamfanoni.